Yadda nake koyar da lissafin daraja ta uku, daga akwatin kwali zuwa cibiyar zane

A shekarata ta farko ina koyar da aljabra a babbar sakandare, na shiga aji na rubuta y = ax³ + bx² + cx + d a allo, na zana misalai huɗu, yara suka kwafa tsaf. Bayan mako biyu na yi musu gwaji. Da na zauna duba takardun, sai na tarar yawancinsu sun zana mini ƙwarya, wato zanen nan na lissafin daraja ta biyu da suka shafe zango guda suna yi. Waɗanda ma suka tuna cewa akwai tudu da kwari, sun ɗora ƙololuwar tudun a tsakiyar mayanka biyu daidai, wato wuraren da zanen ya yanka layin x, kamar yadda suka saba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaran ba malalata ba ne. Sun koyi daraja ta biyu da kyau, kuma wannan kyakkyawan koyon ne ya biyo su ya hana su ganin sabon abu.

Tun daga lokacin na canza tsari. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda nake yi yanzu, cikin darasi shida ko bakwai. Ɗan'uwa malami, 'yar'uwa malama, ku ɗauki abin da ya dace da ajinku.

Ranar farko ba na rubuta komai a allo. Ina shigowa da kwalaye da na yanka murabba'i, kowane gefe santimita 24, da almakashi, da rula, da salatif, da bokitin busasshen yashi. Ina raba ajin rukuni takwas. Kowane rukuni zai yanke ƙaramin murabba'i daga kusurwoyi huɗu na kwalinsa, ya naɗe gefunan sama, ya manne su, ya sami akwati marar murfi. Rukuni na ɗaya zai yanke santimita 1, na biyu santimita 2, haka har na takwas. Kafin kowa ya taɓa almakashi nakan tambaye su: wane akwati ne zai fi cin yashi? Kowa ya rubuta amsarsa a bayan littafinsa, ba gogewa. Wannan matakin kada a tsallake shi. Yaron da ya riga ya faɗi ra'ayinsa yana da abin da yake jira ya gani. Wasu sukan zaɓi na santimita 1 saboda faɗinsa, wasu na santimita 8 saboda zurfinsa, 'yan kaɗan kuma su ce duk ɗaya ne tunda kwalin iri ɗaya ne.

Sai a cika, a riƙa juyewa daga wannan akwati zuwa wancan. Gani ya kori ji. Bayan an gama gardama da yashi, sai a koma ga rula. Idan an yanke x, zurfin akwatin x ne, gindinsa kuma kowane gefe 24 − 2x. Ina barin su su gano dalilin da ya sa 2x ne ba x ba, domin a nan ake fara tuntuɓe. Abin da akwatin zai ci shi ne x(24 − 2x)². Kowane rukuni ya lissafa nasa ya zo ya rubuta a allo: 484, 800, 972, 1024, 980, 864, 700, 512. Na santimita 4 ne ya yi nasara da 1024, wato ya ɗan haura lita guda. A sa ɗigo-ɗigon a takardar graf, a haɗa su da hannu.

A nan ne wani zai ce, "Malam, ai ƙwarya ce a kife." Ina jin daɗin wannan maganar, don ita nake jira. Sai in ce to mu gwada. Idan ƙwarya ce, abin da ke hagun ƙololuwa dole ya yi daidai da abin da ke damanta. Taku ɗaya hagu da 4 mun sami 972, taku ɗaya dama mun sami 980. Taku biyu hagu 800, taku biyu dama 864. Ba su yi daidai ba. Zanen ya hau da sauri, yana sauka a hankali. Madubin da suka saba da shi ya fashe, kuma da lissafin hannunsu ya fashe.

Kashegari muna ci gaba da jadawalin har ya wuce inda kwali zai iya kaiwa. A x = 12 an yanke kwalin gaba ɗaya, amsa sifili. A 13 lissafin ya ba da 52, a 14 ya ba da 224, a 16 ya sake komawa 1024. A x = −1 kuma ya ba da −676. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, "Malam, wane irin akwati ne yake cin −676?" Na ce mata babu shi. Akwatin yana rayuwa ne tsakanin 0 da 12 kawai, amma ƙa'idar lissafin ba ta san kwali ba, tana karɓar kowace lamba. Sai a wannan ranar nake sa su buɗe bakan, su sami 4x³ − 96x² + 576x, su ga x³ da idonsu. A lokacin nake faɗin sunan: lissafin daraja ta uku, wanda za su ji ana kira kyubik. Ku ajiye wannan zanen a bango, za mu dawo kansa.

Yanzu sai mafi sauƙinsu, y = x³. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ba su lambobi cikakku kawai, daga −3 zuwa 3. Idan aka yi haka, ɗigo uku na tsakiya, wato (−1, −1) da (0, 0) da (1, 1), suna kan miƙaƙƙen layi ɗaya, yaro kuma zai ɗauki rula ya haɗa su, ba laifinsa ba ne. Dole a sa rabi-rabi a jadawalin. Rabi sau rabi sau rabi ya ba da 0.125, ɗaya bisa takwas kenan. Zanen yana kwanciya kusan shimfiɗe a kusa da sifili kafin ya miƙe. Nakan sa su zana y = x da y = x² da y = x³ a takarda guda, tsakanin 0 da 1.5 kawai, da manyan gidaje. Suna mamakin ganin x³ a ƙarƙashin sauran biyun har sai an kai 1, sannan ya tsere musu. Yawancin yara sun ɗauka cewa ninka lamba a kanta kullum ƙara ta yake yi.

A wannan darasin kuma ake kama matsalar alamar debewa. (−2)³ shi ne −8. Yaran da suka haddace cewa "debewa da debewa tarawa ce" sukan rubuta 8. Ba na yi musu dogon bayani, ina sa su rubuta −2 sau uku a jere su ninka biyun farko, sannan su ninka da na ukun. Minti biyar ya isa.

Akwai ɗan wasa da nake so, ko da manhaja ba ta nema ba. A rubuta 0, 1, 8, 27, 64, 125. A debe kowace daga ta gabanta: 1, 7, 19, 37, 61. A sake: 6, 12, 18, 24. A sake: 6, 6, 6. A daraja ta biyu, a karo na biyu bambancin ke tsayawa. A nan sai a karo na uku. Kuma lambar da yake tsayawa a kanta ita ce a, wato lambar da ke gaban x³, sau 6. Idan suka gwada da lambobin akwati za su sami 24, wato 4 sau 6. Wannan yana ba yaro hanyar gane daraja ta uku daga jadawali tsirara, ba tare da an nuna masa ƙa'idar ba.

Inda nake daɗewa shi ne siffar baka uku. Ina fara da y = (x + 2)(x − 1)(x − 3). Tambaya ta farko: ina zanen zai yanka layin x? A −2, da 1, da 3, domin a kowanne ɗaya daga cikin bakan ya zama sifili, kuma duk abin da aka ninka da sifili ya tafi. Ina zai yanka layin y? A sa x = 0, a sami 2 sau −1 sau −3, wato 6. Daga nan ba na barin su cika jadawali. Ina so su yi tunanin alama kawai. Mayanka uku sun raba layin x gida huɗu. A kowane gida a ɗauki lamba ɗaya a tambayi kowane baka: kai sama da sifili kake ko ƙasa? A x = 4 duka ukun suna sama, zanen yana sama. A x = 2 ɗaya ne ke ƙasa, zanen yana ƙasa. A x = 0 biyu ne ke ƙasa, zanen ya dawo sama. A x = −3 duka ukun suna ƙasa, zanen yana ƙasa. Da wannan kaɗai yaro ya sami siffar: ya taso daga ƙasa ta hagu, ya hau tudu, ya gangara kwari, ya haye sama ta dama.

Sai tarkon da na ambata da farko. Ina tambaya: ina ƙololuwar tudun take? Kusan kullum amsar ita ce −0.5, tsakiyar −2 da 1. Ba na cewa a'a. Ina cewa a lissafa. A −0.5 ana samun 7.875. To a gwada −1. Ana samun 8. Ajin yakan yi tsit na ɗan lokaci, domin wurin da suka ce shi ne mafi tsayi ga wani ya fi shi. Ainihin ƙololuwar tana wajen −0.79, tsayinta kusan 8.2. A wannan matakin ba su da kayan aikin gano ta daidai, sai sun kai kalkulas, kuma ina gaya musu haka a fili. Abin da nake so su tafi da shi shi ne kada su ƙara ɗora ta a tsakiya don al'ada.

Idan aka buɗe bakan nan uku ana samun x³ − 2x² − 5x + 6. Ina amfani da shi don nuna dalilin da ya sa hannayen zanen biyu suke fuskantar wurare daban-daban. A sa x = 100. Kashin farko ya ba da 1,000,000. Na biyu ya debe 20,000, na uku ya debe 500, na ƙarshe ya ƙara 6. Saura 979,506. Duk ƙoƙarin sauran ukun bai rage wa x³ wani abin kirki ba. A sa −100, x³ ya ja komai zuwa can ƙasa. Saboda haka idan a tana sama da sifili, hagu ƙasa, dama sama. Idan tana ƙasa da sifili, a juya. Daga nan wata babbar magana take fitowa da kanta, kuma ina so yaro ne zai furta ta: abin da ya taso daga ƙasan layin x ya ƙare a samansa, ba tare da an ɗaga fensir ba, tilas ya tsallaka layin. Ƙwarya tana iya shawagi a sama ba ta taɓa layin x ba. Daraja ta uku ba ta da wannan damar, ko yaya sai ta yanka sau ɗaya aƙalla.

Sau nawa za ta iya yankawa? Don wannan ina ɗaukar y = x³ − 3x, wanda tudunsa ke (−1, 2), kwarinsa ke (1, −2), lambobi masu daɗin aiki. A zana shi a takarda mai shara-shara, a ɗora a kan wata takardar da ke da layin x da na y, a riƙa tura shi sama a hankali. Da farko mayanka uku ne. Ana turawa, biyu na dama suna matsowa kusa da juna. Da an ɗaga shi da 2 daidai, sai su haɗe, gindin kwarin ya zauna a kan layin, ya taɓa bai tsallaka ba. Wannan shi ne x³ − 3x + 2, kuma idan aka raba shi baka-baka ana samun (x − 1)²(x + 2). Ga bakan da ya maimaitu, ga wurin da aka taɓa. A ƙara turawa, mayanka ɗaya ta rage. A nan nakan nuna musu zanen akwati a bango: me ya faru a 12? Ya taɓa ya koma, saboda (24 − 2x) sau biyu ya zo.

Idan akwai kwamfuta ko waya a ajin, GeoGebra da Desmos suna yin wannan turawar da kyau ƙwarai, kuma kyauta ne. Amma ni sai bayan an yi da hannu nake kunna su. Na lura yaron da ya fara da allon waya yana kallo ne kawai, wanda ya fara da fensir kuma yana zuwa da tsammani, yana duba ko na'urar za ta gaskata shi.

Akwai abu guda da nake ganin littattafai da yawa suna ɓatar da yara a kansa. Sukan koyar da y = a(x − h)³ + k, a tura x³ hagu ko dama, sama ko ƙasa, a miƙe shi, sai a wuce. Darasin ba ƙarya ba ne, amma yana barin yaro da zaton cewa duk daraja ta uku x³ ce da aka matsar. A daraja ta biyu wannan gaskiya ne: kowace ƙwarya x² ce da aka matsar aka miƙe. A daraja ta uku ba haka ba ne. Duk yadda ka tura x³, ba zai tsiro da tudu da kwari ba. Siffofi uku ne: mai tudu da kwari kamar x³ − 3x, mai ɗan kwanciya a tsaka kamar x³, da mai hawa ba hutawa kamar x³ + 3x. Ina zana ukun a jere a rana ɗaya. Ga masu son ƙa'ida, tudu da kwari suna fitowa ne idan b² ya fi 3ac.

To idan babu madubi, me ya rage? Wannan ne darasin da na fi ƙauna a duk babin. A koma ga takarda mai shara-shara, a kwafi zanen akwati daga 0 zuwa 16. A dasa tsinin fensir a kan ɗigon (8, 512), a juya takardar rabin zagaye, sama ta koma ƙasa. Zanen yana faɗawa a kan kansa daidai. Tudun da ke (4, 1024) ya zauna a kwarin da ke (12, 0). Ɗigon (0, 0) ya zauna a kan (16, 1024). Ina kiran wannan wurin cibiya, kuma kowace daraja ta uku tana da ita, a x = −b/3a. A akwatinmu 96 a raba da 12, ya ba da 8. Yara sun san −b/2a tun daga ƙwarya, sun kuma san cewa tsakiyar mayanka biyu ce. A nan ma haka ne: idan mayanka uku ne, a tara su a raba uku. Na akwati 0 da 12 da 12, jimla 24, a raba uku, 8. Na (x + 2)(x − 1)(x − 3) kuwa jimlarsu 2, cibiya tana kan biyu bisa uku. Ashe abin da suka sani bai ɓace ba, siffa ya canza.

A nan nakan ɗan ba su tarihi, don cibiyar tana da alaƙa da shi. Umar Khayyam, masanin Farisa da ya rayu daga 1048 zuwa 1131, ya karkasa ire-iren waɗannan lissafai ya warware su ta hanyar zane, yana neman inda lanƙwasassun layuka biyu suka haɗu. Warwarewa ta aljabra zalla sai a Italiya a ƙarni na 16 aka same ta, ta hannun del Ferro da Tartaglia, Cardano kuma ya buga ta a 1545. Matakin farko na hanyar shi ne a kawar da kashin x², ta hanyar maye x da t − b/3a. Da idon zane, wannan ba komai ba ne illa jawo cibiya ta dawo kan layin y. Ina sa ɗaliban da suka fi sauri su gwada da akwati: a sa x = t + 8, a buɗe, a tattara. Kashin t² yana ɓacewa, a bar 4t³ − 192t + 512, ga 512 ɗinmu a zaune a ƙarshe. Cikakkiyar ƙa'idar Cardano ba na koyar da ita a wannan matakin. Tana kai mutum ga abubuwa irin su x³ = 15x + 4, wanda amsarsa 4 ce ƙarara, amma ƙa'idar sai ta bi ta kan tushen −121 kafin ta iso, matsalar da Bombelli ya yi aiki a kanta a 1572. Ina ambata musu ita kawai, in ce akwai ƙofa a can gaba.

Gwajin ƙarshe tambaya ɗaya ce mai nauyi, kuma a juye take. Ba na ba su ƙa'ida in ce su zana. Ina ba su zane ba ƙa'ida: ya gangaro daga sama ta hagu, ya tsallaka layin x a −2, ya yanka layin y a −6, ya hau ya taɓa layin x a 1, ya koma ƙasa. Su nemo ƙa'idar, su kuma faɗi inda gindin kwarin yake. Wanda ya fahimta zai rubuta a(x + 2)(x − 1)², ya sa x = 0 ya ga 2a = −6, ya sami a = −3, ya duba ya ga alamar ta dace da hannun hagu da ke sama. Sannan ya tara −2 da 1 da 1 ya sami sifili, ya gane cibiya tana (0, −6). Tudun yana taku ɗaya dama da taku shida sama da cibiya, saboda haka kwarin yana taku ɗaya hagu da taku shida ƙasa, a (−1, −12). Ina ba da rabin makin ga ƙa'idar, rabi ga kwarin. Wanda ya sa kwarin a −0.5 ina kiransa teburina da takarda mai shara-shara da fensir, mu sake juyawa tare.